Gyambon ciki da ciwon zuciya: abin da H. pylori ta yi da abin da ake ɗora mata

Har 'yan shekarun baya, idan mutumin karkara ya je asibiti da zafin ciki, da kalma ɗaya yake komawa gida: olsa. Yanzu an samu ƙari. Ɗakunan gwaji sun fara isa manyan garuruwan ƙananan hukumomi a Kano da Jigawa, mutane suna dawowa da takarda da aka rubuta wani baƙon suna a kanta, H. pylori, tare da alamar cewa an same ta a jiki. Sai yaron gida mai babbar waya ya shiga intanet, ya ci karo da rubuce-rubucen da ke cewa wannan ƙwayar tana toshe jijiyoyin zuciya, har takan jawo mutuwar fuju'a. Kafin magariba hankalin gida ya tashi, tsohuwa ta ƙi cin tuwo, an fara shawarar akuyar da za a kai kasuwa don kuɗin magani.

Maganar tana da tushe, domin likitoci sun fi shekara 30 suna muhawara a kanta. Sai dai abin da bincike ya tabbatar bai kai abin da ake yaɗawa ba. Damuwata ita ce tsoron wannan ƙwaya yana ɗauke ido daga wuraren da ciki da zuciya suke haɗuwa da gaske a ƙauyukanmu, kuma a nan ne ake asarar rai.

Cikakken sunanta Helicobacter pylori. Bakteriya ce, a murɗe take, ido ba ya ganinta. A da, likitoci sun ɗauka babu abin da zai iya rayuwa a tumbin ɗan Adam saboda tsananin asid ɗin da ke narka abinci. Ita kuwa tana da dabara: tana fitar da wani sinadari da ke samar da amoniya a kewayenta, ya kashe kaifin asid ɗin, sannan ta nutsa cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi ta zauna, sau da yawa har ƙarshen rayuwar mutum. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka raino ta a ɗakin gwaji a 1982. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda ita ke kawo gyambo, Marshall ya ɗaga ruwan da aka raini ƙwayar a ciki ya shanye a 1984, cikin kwanaki bangon tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Tun 1994 kuma hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙwayar cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji, wato dajin tumbi.

Yawanci tun ana yara ake ɗaukarta, a cikin gida, ta baki ko ta ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san hanyoyin: moɗa ɗaya a kan randa kowa na sha, rijiyar da ba ta da nisa da masai, uwa ta tauna nama ko gyaɗa ta sa wa yaron da ake yayewa a baki don ƙauna. Wani babban nazari da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 4.4 ke ɗauke da ita a duniya, fiye da rabin bil'adama a lokacin, kuma Najeriya na can sama, inda kusan kashi 88 cikin 100 ke ɗauke da ita. Tun 1992 wani bincike da likita Chris Holcombe da abokan aikinsa suka yi a yankin Maiduguri ya samu alamarta a jinin kusan kashi 85 cikin 100 na mutanen da aka gwada. Idan ka tsaya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, mafi yawan waɗanda ke cinikin shanu a gabanka suna da ita, kuma lafiyarsu ƙalau. A cikin masu ɗauke da ita, kimanin 1 cikin 10 ne ke samun gyambo na haƙiƙa, waɗanda ke kai wa ga dajin tumbi kuwa ba su wuce 1 zuwa 3 cikin 100 ba.

Zancen zuciya ya shigo ne a 1994, lokacin da Michael Mendall da abokan aikinsa a Landan suka gwada jinin maza ƙasa da 200, suka ga waɗanda jijiyoyin zuciyarsu suka cushe sun fi sauran ɗauke da ƙwayar. Ƙaramin bincike ne, amma ya zo a kan gaɓa, domin a lokacin masana sun fara gane cewa cushewar jijiya ba taruwar kitse kaɗai ba ce. Akwai kumburi a ciki. Garkuwar jiki tana kai hari ga kitsen da ya maƙale a bangon jijiya, wurin ya yi laushi, wata rana ya fashe, jini ya daskare a kai, hanya ta toshe, ɓangaren naman zuciya ya mutu. Wannan shi ne bugun zuciya. To, ga ƙwayar da ke zaune a ciki shekara 40 ko 50 tana tsokanar garkuwar jiki kullum. Ba wauta ba ce a tambaya ko tana ƙara rura wannan kumburin.

An kawo hanyoyi da dama da hakan zai iya faruwa. Wasu bincike sun ga sinadaran kumburi sun ɗan fi yawa a jinin masu ɗauke da ita, musamman masu nau'in da ake kira CagA, wanda ya fi cutar da tumbi. Wasu sun lura cewa tumbin da ya daɗe a kumbure ba ya barin jiki ya tsotsi bitamin B12 yadda ya kamata, ƙarancinsa kuma yana ɗaga wani sinadari mai suna homosistin da ake dangantawa da lalacewar jijiyoyi. Akwai masu cewa makaman da garkuwar jiki ta ƙera don ƙwayar suna iya kuskure su afka wa bangon jijiya saboda kamannin wasu sinadarai. An ma samu ɓurɓushin ƙwayar a cikin kitsen da aka kankaro daga jijiyoyin wasu marasa lafiya, kodayake wasu masu binciken sun nema ba su samu ba. Dukkan waɗannan suna da ma'ana a kan takarda. Amma abu ya yiwu daban, ya faru a jikin mutane har ya kai ga kisa daban.

A lokacin damina, kukan kwaɗi da yawan sauro tare suke zuwa. Wanda ya ƙirga zai samu cewa duk unguwar da kwaɗi suka fi kuka, nan zazzaɓi ya fi yawa, alhali kwaɗo bai taɓa sa wa kowa zazzaɓi ba. Ruwan da ya kwanta ne ya tara su duka. Irin wannan ce babbar matsalar binciken H. pylori. A Ingila da sauran ƙasashen Turai, waɗanda ke ɗauke da ƙwayar su ne galibi waɗanda suka tashi cikin talauci da cunkoso, kuma su ne suka fi shan taba, suka fi cin abinci mara kyau, suka fi jinkirin zuwa asibiti. Waɗannan kuwa kowannensu sanannen mai kawo ciwon zuciya ne da kansa.

John Danesh da abokan aikinsa a Jami'ar Okisfod sun bi wannan batu da natsuwa. A wani bincike da suka buga a 1999, sun gwada mutum fiye da 1,000 da suka samu bugun zuciya kafin su kai shekara 50, suka kwatanta su da masu lafiya. Da farko alaƙar ta fito ƙarara, fiye da ninki biyu. Da suka cire tasirin taba da halin rayuwa, ta ragu. Sai suka yi abin da ya fi burge ni: suka ɗauki kimanin mutum 500 masu ciwon, suka kwatanta kowanne da ɗan'uwansa na jini da bai samu ciwon ba, wato mutanen da suka tashi gida ɗaya, suka sha ruwa ɗaya. A nan alaƙar ta yi rauni har ba a iya bambanta ta da dace. Binciken da aka yi ta yi bayan wannan haka suka ci gaba da rabuwa, wasu su ga ƙaramar alaƙa, wasu ba su ga komai ba, kuma galibi mafi girma da inganci su ne ke ganin mafi ƙanƙanta.

Hujjar da za ta raba gardama ita ce a kashe ƙwayar a ga ko bugun zuciya zai ragu. An gwada irin wannan tunani a kan wata ƙwayar daban da aka fi zargi a lokacin, Chlamydia pneumoniae. Tsakanin 2003 da 2005 an kammala manyan gwaje-gwaje da dubban masu ciwon zuciya, aka ba wasu maganin kashe ƙwayoyin cuta na watanni, har na shekara da fiye, aka bar wasu. Babu bambanci. A Denmak ma abin ya fi haka muni. An ba rabin mutum fiye da 4,000 masu ciwon jijiyar zuciya maganin kilaritromaisin na mako biyu kacal, sai aka ga mutuwa ta fi yawa a cikin waɗanda suka sha, kuma bambancin bai gushe ba bayan shekaru. Wannan ne ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2018 cewa a yi hattara da wannan magani ga masu ciwon zuciya. A lura da kyau: kilaritromaisin yana cikin haɗin da aka fi rubutawa don kashe H. pylori a Najeriya. Dattijon da ya ji tsoro ya aika kemis a sayo masa haɗin don ya kare zuciyarsa, yana iya jefa ta cikin haɗarin da bai da shi a da.

Kumburi dai yana da hannu a ciwon zuciya, wannan ya tabbata. A 2017 wani gwaji da mutum kimanin 10,000 ya nuna cewa allurar da ke rage kumburi kaɗai, ba tare da taɓa kitse ba, ta rage aukuwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 15 cikin 100. Abin da ba a nuna ba shi ne cewa H. pylori ce ke hura wannan kumburin har ya yi tasiri, kuma babu wata ƙungiyar likitocin zuciya da ta ba da shawarar a kashe ta don rigakafin bugun zuciya.

Mu ma muna da abin dubawa a ƙasarmu. Da ƙwayar tana da ƙarfin da ake ba ta, da karkarar Arewa, inda kusan kowa ke da ita, ta cika da masu toshewar jijiyar zuciya. Ba haka likitocinmu suke gani a gadajen asibiti ba. Dole a yi adalci a nan: muna binne mamaci a ranar da ya rasu, ba a binciken gawa, kuma asibitocin karkara da yawa ba su da na'urar auna bugawar zuciya, saboda haka akwai bugun zuciya da yake wucewa da sunan "faɗuwa ya yi" ko "kwana ya ƙare". Duk da haka, ciwon zuciyar da ya fi cika asibitocinmu sananne ne. Na farko hawan jini, wanda kusan baligi 1 cikin 3 a Najeriya ke da shi, da yawa ba su sani ba, har zuciya ta buɗe ta gaji, ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa kwanciya sai a jingine. Sai raunin zuciya na masu jego, wanda Arewa maso Yamma ke cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, kuma Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya daɗe yana bincike a kansa. Sai kuma wanda ya fi ci mini rai, domin a nan ne bakteriya ke lalata zuciya ba tare da wata muhawara ba: ciwon maƙogwaro na yara. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, a ce beli ne a kai shi wurin wanzami, bayan makonni gaɓoɓinsa su kumbura, bayan shekaru a tarar ƙofofin zuciyarsa sun lalace. Ƙwayar Streptococcus ce, kuma fenisilin mai arha yana hana wannan duka idan an ba shi da wuri. Mutane suna tsoron alaƙar da ba a tabbatar ba, suna wuce wadda aka tabbatar tun zamanin kakanni.

Inda ciki da zuciya suke haɗuwa a rayuwarmu ta yau da kullum kuwa, ba sai an je Landan ba. Ka zauna a bencin wani kemis ranar kasuwa. Ga dattijo ya sauko daga babur, ya dunƙule hannu ya danna ƙasan ƙirjinsa, goshinsa na tsattsafo da gumi alhali da sauran sanyin safiya.

"Sannu Baba, olsar ce ta tashi?"

"Ita ce, ɗan nan. Tun asuba ta riƙe ni, har hannun nan nake jin ta."

Yaron kemis ya zuba masa farin ruwan maganin ƙwannafi a murfi, ya ƙulla masa kafso a leda, Baba ya hau babur ya koma. Wannan "har hannun nan" ita ce kalmar da ya kamata ta tsayar da komai. Bugun zuciya, musamman idan ƙasan zuciya ya shafa, yakan zo da zafi a saman ciki, da tashin zuciya, da amai, da gyatsa. Ga mata da tsofaffi da masu ciwon suga ma sau da yawa ba ya zuwa da ciwon ƙirjin da aka sani. Mutumin da aka taɓa ce masa yana da olsa, balle wanda ke riƙe da takardar H. pylori a aljihu, duk abin da ya ji tsakanin wuya da cibiya olsa zai kira shi. Zafin gyambo yakan bi abinci, ya tashi da yunwa ko cikin dare, ya lafa idan an ci wani abu. Na zuciya yakan bi wahala: ya taso idan ana huɗa ko an ɗauki buhu ko ana sauri zuwa masallaci, ya lafa idan an tsaya. Idan nauyi ne ko matsewa, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, ga gumi mai sanyi da haki, kuma ya wuce minti 15 bai saki ba, to a nemi mota zuwa babban asibitin da ke da na'urar auna zuciya a wannan sa'ar, ko Birnin Kudu ne, ko Dutse, ko Kano. Naman zuciya yana mutuwa ne cikin sa'o'i.

Sai maganin ciwon jiki. Manomi ya wuni a gona, dare ya yi gaɓoɓi na ciwo, ya sayi haɗi: diklofenak, ibuprofen, piroksikam, wani lokaci duka a ƙulli ɗaya, ya kora da shayi ba tare da ya ci komai ba. Waɗannan magunguna su ne na biyu wajen kawo gyambo bayan H. pylori, kuma idan suka haɗu da ita haɗarin zubar jini yana ninkuwa. Su ne kuma suke ɗaga hawan jini, su sa jiki ya riƙe ruwa, su wahalar da ƙoda, diklofenak ma an danganta shi da ƙarin haɗarin bugun zuciya. Ƙulli ɗaya yana cin ciki da zuciya tare, kuma babu wanda ke tsoronsa.

Kanwa ma tana nan. Na sha ganin tsohuwa ta fasa ɗan gutsuren jar kanwa ta jefa a kofi, ta jira ya narke, ta shanye, ta yi gyatsa ta ce alhamdulillahi. Gaskiya ne tana kashe ƙwannafi nan take, domin tana kashe kaifin asid. Amma kanwa cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri wanda ke ɗaga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin baligi ya kai giram 5 a rana, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, mu kuwa ga gishiri ga dunƙule a miya tun kafin a zo ga kanwa. Mai hawan jini ko mai kumburin ƙafa da ke shan jiƙon kanwa kullum don ciki, zuciyarsa ce ke biyan kuɗin.

Akwai wuri ɗaya da kashe H. pylori yake amfanar mai ciwon zuciya a fili, kuma shi ne ya cancanci a sani. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, akan ɗora shi a kan ƙaramin asfirin kullum don kada jini ya daskare. Asfirin kuwa yana cin bangon tumbi, idan ya tarar da ƙwayar ta riga ta raunana wurin, gyambo na iya ɓallewa da jini. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya a kan 'yan shekara 60 zuwa sama masu shan asfirin, aka buga a 2022, ya nuna cewa kashe ƙwayar ya rage kwanciya asibiti saboda zubar jinin gyambo a shekaru biyu da rabi na farko, kodayake amfanin ya ragu daga baya. Zubar jinin nan ba kullum ake ganinsa ja ba. Bayan gida ne ke fitowa baƙi ƙirin mai danƙo da wari na daban, ko kuma jini ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan har tafin hannu da cikin ido su yi fari. Zuciyar da dama tana da rauni, idan jini ya yi ƙaranci, dole ta ƙara gudu, a nan take gazawa. Saboda haka duk mai shan asfirin da ya taɓa yin gyambo ya gaya wa likitansa, kada kuma ya daina asfirin da kansa.

Wanda yake da gyambo na gaske, ko ciwon ciki da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko wanda dajin tumbi ya taɓa kama wani na jininsa, ya kamata a gwada shi a yi masa magani, domin ƙwayar tana mutuwa kuma gyambon yakan warke ya ƙi dawowa. Amma maganin na da ƙa'ida. Kwana 14 ne, haɗin mai rage asid irin omeprazol da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla biyu, ba a tsallake rana. Shan kwana uku a ajiye idan an ji sauƙi shi ke koya wa ƙwayar jure magani, kuma mun riga mun yi wannan ɓarnar da Flagyl, wanda ake sha kan kowace gudawa har ya daina yi wa H. pylori aiki sosai a yawancin Afirka. Mai ciwon zuciya ya zo wa likita da duk magungunansa a leda, domin kilaritromaisin ba ya jituwa da wasu magungunan kitse da na hawan jini, omeprazol kuma yana iya rage ƙarfin kilofidogirel, maganin hana daskarewar jini da ake haɗawa da asfirin.

Gwajin ma a san irinsa. Na jini, wanda ya fi yawa a ƙananan ɗakunan gwaji saboda arha, yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, kuma yakan ci gaba da nuna akwai ta watanni ko shekaru bayan ta mutu. A ƙasar da kusan kowa ya taɓa ɗaukarta, wannan takarda ba ta faɗi abu mai yawa ba, kuma mutane da dama sun sha haɗin sau biyu sau uku a kanta a banza. Gwajin bayan gida ko na numfashi shi ke nuna ƙwayar tana raye yanzu, da sharaɗin an dakatar da omeprazol mako biyu kafin a yi, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma mako huɗu. Da shi ake tabbatar da warkewa, aƙalla wata ɗaya bayan an gama magani. Wanda kuwa ya haura shekara 50 ciwon ciki ya fara masa sabo, ko yana ramewa, ko abinci na tsaya masa, ko yana aman jini, gwajin ƙwaya bai ishe shi ba, sai an tura shi inda za a zura na'ura a leƙa cikin tumbin, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.